Makullin da Ba Ni Na Saka Ba

Abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, da rana tsaka, a cikin garin Jos, yau shekara huɗu ke nan da 'yan watanni. Wallahi ban ƙara masa gishiri ba, sunayen mutane kawai na canza saboda suna raye kuma suna da haƙƙi a kaina. Na daɗe ina riƙe da shi a ciki, don na san halin abokan sana'ata, da ka fara irin wannan magana za su ce ai kutse ne aka yi maka ko barci ne ya ɗauke ka. To ku dai ku karanta, wanda ya yarda shi ke nan, wanda bai yarda ba ma ba na jin haushinsa.

A lokacin ina aiki a wani ɗan ƙaramin ofis a Nasarawa Gwom, ɗaki ɗaya a saman bene, shaguna a ƙasa, matakala guda ɗaya tak. Mu biyu ne masu aikin kwamfuta, ni da maigidana da muke kira Oga Bala, sai wata baiwar Allah da ke zagaya asibitoci. Oga Bala dogo ne, yana ɗan jan ƙafar hagu tun wani hatsarin babur da ya yi yana saurayi, kuma duk da a Jos aka binne cibiyarsa ban taɓa ganin mutum mai tsoron sanyi kamarsa ba, ko a watan da kowa ke neman inuwa za ka gan shi da baƙar suwaita a kan kaftani. Shi ya koya mini duk abin da na sani, ya kuma koya mini da faɗa, don bai iya lallashi ba.

Aikinmu shi ne haɗa ƙananan asibitoci da masu ba da jini kyauta. Idan mara lafiya na bukatar jini, nas za ta shigar da bukatar, nan take saƙo ya tafi wayar duk wanda jininsa ya dace kuma yake kusa. Oga Bala bai fara wannan don neman suna ba. Matarsa, Anti Hafsatu, jininta irin wanda ba a cika samu ba ne, kuma a haihuwarta ta fari ta zubar da jini har aka fitar da rai, shi kuma ya wuni yana zagaye Jos a kan babur yana roƙon mutane. Allah ya tashi kafaɗunta, shi kuma ya ce in Allah ya yarda ba wani namiji da zai sake yin wannan yawon.

Duk wannan aiki yana tafiya ne a kan abin da muke kira faiflayin, wato jerin matakai da ke bin juna da kansu ba tare da hannun mutum ba: wannan ya ɗauko bukata, wancan ya tace sunaye ya cire wanda bai daɗe da ba da jini ba, na gaba ya tura saƙo. Shekara shida yana gina shi a dandalin wani kamfani na ƙasar waje, yau ya ƙara nan gobe ya gyara can, kuma komai da sunansa yake, da lambar wayarsa. Na san wannan kuskure ne, na sani sarai. Sau nawa ina buɗe baki in ce Oga a saka sunana ni ma ko don gaba, sai in ji nauyi, don a wurinmu ka dubi babba ka ce masa idan ba ka nan fa, kamar kana kira masa mutuwa ne, ko kana hangen kujerarsa. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma ni kunya ta hana ni faɗa, shi kuma bai taɓa kawo maganar ba.

Zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke shi. Ranar Litinin muna tare yana yi mini faɗa a kan wani abu da na manta, ranar Laraba da la'asar muna maƙabarta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ya bar 'ya'ya biyu, ya kuma bar Anti Hafsatu da ciki wata biyar.

To kun san idan mamaci ya bar ciki ba a raba gado sai an haihu, an ga abin da aka samu. Yayansa, Alhaji Garba, ya tattara kayansa na hannu a gaban shaidu, agogo, takardu, da wayarsa a kashe, ya zuba a akwatin ƙarfe ya sa kwaɗo, ya kai ɗakinsa a Anguwan Rogo. Ni kuma na ci gaba da riƙe ofis, faiflayin na ta aikinsa shi kaɗai, ban ma tuna da wayar ba.

Bayan kusan wata huɗu, cikin Agusta, ruwa kullum, sai ga sanarwa cewa kamfanin nan zai rufe wannan dandali ranar Juma'a, kowa ya kwashe nasa. Ashe sun daɗe suna aiko da gargaɗi ta imel ɗin marigayi, ni sai da saura kwana tara na gani. Akwai wata 'yar manhaja da aka yi musamman don irin wannan ƙaura, ba ta da hotuna ko maɓallai, a baƙin allo ake rubuta mata umarni, ita za ta kwafo faiflayin daga tsohon gida ta dasa shi a sabo. Amma kafin ta motsa sai ka saita ta, ka ba ta makulli biyu, na sabon gida da na tsoho. Makullin nan ba na ƙarfe ba ne, dogon jerin haruffa da lambobi ne da mai asusu ke ƙirƙira, ya sa masa suna, ya faɗi abin da ya yarda a yi da shi da ranar da zai daina aiki. Na sabon gida ba matsala, ni na buɗe asusun. Na tsoho kuwa sai an shiga asusun Oga Bala, kalmar sirrinsa tana ajiye a kwamfutar ofis, amma da ka shigar da ita sai a ce an tura lamba shida zuwa wayarsa. Wayar kuma tana cikin akwati.

Na rubuta wa kamfanin, suka ce in aiko da takardun kotu, za su duba cikin makonni. Na zauna na gwada sake gina abin daga farko, kwana biyu ina fama na gane ko wata guda aka ba ni ba zan gama ba. Sai na wanke ƙafa na tafi wurin Alhaji Garba.

Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani iya yadda zan iya. Na ce minti biyar kawai, a gabansa, ba sai na taɓa wayar ba ma, shi ya karanto mini lambar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, na san kai mutumin kirki ne, marigayi ya sha faɗa mini. Amma wayar yanzu ba waya ba ce, banki ce, kuma abin da ke cikin akwatin nan na marayu ne, har da wanda bai zo duniya ba. A gaban mutum huɗu na rufe, a gabansu zan buɗe, ran da aka haihu aka yi suna. In na buɗe maka yau, gobe wani ya ce an taɓa wani abu, me zan ce wa Allah?"

Na ce, "Alhaji, ai don Anti nake wannan magana. Watanta ya kama, kuma ka san yadda haihuwarta take. In abin nan ya tsaya ranar Juma'a, ranar da za ta bukaci jini ba saƙon da zai fita."

Na ga maganar ta taɓa shi, amma ya girgiza kai ya ce, "Kafin a yi na'ura Allah ke raya mutane. Ka yi haƙuri."

Na fito raina a ɓace, har ina faɗar maganganu a zuci waɗanda yanzu nake jin kunyarsu, don bawan Allahn nan amana yake tsarewa, ba mugunta ba ce. Daga nan ban zame ko'ina ba sai kasuwar Terminus, wurin wani abokina mai gyaran waya, irin mutanen nan da suka san wanda ya san wani. Ya ce ai wannan ba abin tashin hankali ba ne, welkom bak za a yi wa layin, a fito da sabon sim da lambar marigayi. Abin da ake bukata kawai takardar rantsuwa, in je in rantse cewa ni ne mai layin kuma wayata ce ta ɓata, in sa hannu da sunan Bala, sauran ya bar masa. Na san ƙarya ce, ƙarya kuma da rantsuwa, a kan sunan mamaci. Na yi ta juya abin a raina, gaba kura baya sayaki, daga ƙarshe na ce masa to. Muka sa ranar Alhamis ƙarfe uku. Ban faɗa wa kowa ba, ko matata.

Ranar Alhamis aka tashi da ruwa, irin yayyafin Jos mai shiga ƙashi, hazo ya rufe duwatsu. Ni kaɗai ne a ofis, abokiyar aikinmu ta tafi Bukuru tun safe. Na ce bari in shirya komai, yadda da na dawo da sim sai dai in saka makulli kawai. Na buɗe baƙin allo na rubuta umarnin saiti. Ta tambayi adireshin sabon gida, na ba ta. Ta tambayi makullinsa, na liƙa. Ta tambayi adireshin tsohon gida, na ba ta. Sai ta tambayi makullin tsohon gida, ta tsaya tana jira, ɗan farin layin nan yana ta ƙiftawa. Na zauna ina kallonsa, kujerar Oga Bala tana gefena ba kowa, wallahi sai da hawaye ya zubo mini, na ce a fili, Oga ka ga inda ka bar ni. Ana cikin haka aka kira azahar. Na bar allon yadda yake, na ja ƙofa na sa kwaɗo, na jefa ɗan makullin a aljihu na sauka masallaci.

Sallar nan ban san me na karanta a cikinta ba, tunanin ƙarfe uku kawai nake. Ban fi minti ashirin ba na dawo, kwaɗo yana nan yadda na bar shi, na buɗe na shiga. Ban lura da komai ba sai da na zauna. Allon ya wuce tambayar. A ƙasa an rubuta cewa an karɓi makulli, an adana saiti.

Da farko na ce ko wani abu ne ya danne madannai, ta karɓi shirme. Na buɗe ɗan fayil ɗin da take ajiye saiti, sai ga makulli cikakke, tsawonsa daidai, farkonsa irin na wancan kamfani. Na rubuta umarnin gwaji, wanda ke tambayar tsohon gida ko makullin na gaske ne. Amsa ta dawo cikin daƙiƙa biyu. Makulli yana aiki. Mai shi, Bala. An ƙirƙire shi yau, ƙarfe biyu saura minti takwas, wato ina sahu na biyu a masallaci. Izininsa karatu kawai, ba gogewa ba canzawa. Zai mutu bayan kwana uku. Wannan kuwa hannun Oga Bala ne sak, don bai taɓa ba makulli izinin da ya wuce aikinsa ba, bai taɓa barin ya wuce kwana uku ba, mun sha faɗa a kan haka ina cewa yana wahalar da mu. Sai idona ya kai kan sunan da aka sa wa makullin. Da Hausa aka rubuta, da ƙananan baƙaƙe, yadda yake yi: aro ne kar ka rantse.

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Na dubi bayan ƙofa, na dubi ƙarƙashin tebur kamar wani yaro, tagar a rufe take da ƙarfunanta. Na sauko matakala ban ko rufe ofis ba.

A ƙasan benen akwai wata mata mai sayar da suwaita da jaket na gwanjo, Maman Dung, teburinta yana daidai bakin matakala, ba mai hawa ko sauka ba ta gan shi ba. Wata biyu ke nan da ta kama wurin, ba ta taɓa sanin Oga Bala ba. Na tambaye ta ko wani ya hau sama bayan fitata. Ta ce, "E mana, oga naka ya zo. Dogo haka, yana ja ƙafa ɗaya. Ya tambaya ko kana sama, na ce ka tafi masallaci, ya ce ba komai, shi ba zai daɗe ba."

Na ce wane irin kaya ya saka. Ta ce, "Farin kaftani kawai, cikin wannan sanyi fa! Na ce oga zo ka saya suwaita, akwai mai kyau, zan rage maka. Ya yi dariya, ya ce a'a Mama, ni na huta da sanyi." Ta dube ni ta ce, "Lafiya? Abi ba oga naka ba ne? Ni ban ma gan shi ya sauka ba, na ɗauka kuna tare a sama."

Na zauna a kan bencinta kusan rabin awa, ruwa na zuba, ita tana ta tambayata ko ta kawo mini ruwan zafi. Wayata ta yi ta ƙara, abokina ne na Terminus, ƙarfe uku ta yi. Na ɗauka na ce masa na fasa. Ya ce an riga an yi magana da mutane fa, na ce ka ba su haƙuri, na fasa.

Ba zan ɓoye muku ba, komawa saman nan shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi. Na hau ina karanta duk abin da ya zo bakina, na bar ƙofa a buɗe, na zauna a gefen kujera. Na yi tunanin ko tarko ne na 'yan kutse, amma ɗan kutse me zai ci da makullin karatu kawai, kuma wa ya faɗa masa zancen rantsuwa? Na yi bismilla, na fara da gwajin da ba ya taɓa komai, ya wuce lafiya. Sannan na ba da umarnin ƙaura. Matakan nan da ya shekara shida yana ginawa suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya a kan allo, ina kallo ina kuka, ba na tsoro kaɗai ba, har da kewarsa. Kafin la'asar an gama. Na tura bukatar gwaji daga sabon gida, wayata ta yi ƙara, saƙo ya shigo.

Ranar Juma'a suka rufe tsohon dandali kamar yadda suka ce, da shi da duk wani tarihin wanda ya shiga da inda ya shigo. Ban ɗauki hoton allon ba, hankalina bai kai nan ba, don haka ba ni da wata shaida da zan nuna muku.

Ranar Lahadi da hantsi naƙuda ta kama Anti Hafsatu, aka kai ta wani ƙaramin asibiti cikin waɗanda muke aiki da su. Ta haifi mace, sai jini ya ɓalle kamar yadda ake tsoro. Nas ta shigar da bukata, saƙo ya fita. Mutum uku suka zo cikin ruwa, wani mai keke napep, wata malamar makaranta da ta fito daga coci da kayanta na ado, da wani tela. Ina tsaye a barandar asibitin na ga shigarsu, Alhaji Garba yana gefe yana jan carbi. Ta rayu. Yarinyar yanzu har ta shiga makaranta.

Bayan suna da kwana biyu aka zauna rabon gado, Alhaji ya aiko a kira ni, ya ce in zo in karɓi lambar da nake nema. Na je don kada in yi masa rashin kunya. A gaban mutum huɗun nan ya ciro ɗan makulli daga aljihun 'yar cikinsa ya buɗe akwatin. Wayar a kashe take, ba ko ɗigon caji, sai da aka jona ta aka jira kafin ta kawo. Saƙonni suka yi ta shigowa na wata huɗu, duk da alamar ba a buɗe ba. Guda ɗaya ne kawai a tsakiyarsu ba shi da wannan alama, an riga an karanta shi. Lamba shida ce, ranar Alhamis, ƙarfe biyu saura minti tara.

Na nuna wa Alhaji, na faɗa masa abin da ya faru a kunne. Ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce, "Makullin akwatin nan ko wanka zan shiga da shi nake shiga." Sai ya kife ta a kan tabarma ya ce a yi wa marigayi addu'a.

Na san abin da aka karantar da mu, wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma ban ce Oga Bala na gani ba, ni ban ga kowa ba. Na tambayi wani malami da nake girmamawa, ya ce Allah yana da runduna da ba wanda ya san su sai Shi, in gode, in daina tonawa. Na daina. Amma har yau idan manhaja ta tsaya tana jiran makulli, ba na iya tashi in bar ta a haka, sai na rufe allon tukuna.

Shawarata gare ku, musamman masu irin aikinmu, kada ku bar abin da rayuwar mutane ta rataya a kansa a hannun mutum ɗaya da waya ɗaya, komai girmansa, komai amanarsa. Ku cije ku faɗa masa, ya ji haushi na kwana biyu ya huce. Ku kuma manya, ku riƙa kawo maganar da kanku, don na ƙasa da ku kunya ce ke rufe masa baki. Ni an rufa mini asiri, saura awa ɗaya in ɗaga hannu in rantse da sunan mamaci. Ban san wa ya hau benen nan ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya zauna jiran a hau masa.